Kafin Lambar Yabo, Ku Koyi Ƙirga Buhu

'Ya'yana na Issawane, da ku na Kanan Bakashe da Urafan da sauran garuruwan da ke tsakanin Mayahi da Tasawa, musamman ku da kuka yi lakkol har aikin jarida ya fara shiga ranku, ku matso mu yi magana. Na ga yadda kuke kasa kunne duk sa'ad da radiyo ta ce an ba wani ɗan jarida lambar yabo a Landan ko New York. Babu laifi a cikin wannan, kowane yaro yana son a yaba masa. Sai dai na lura da yawanku kun ɗauka aikin da ke jawo irin wannan yabo ƙarfin hali ne da kaifin baki, alhali mafi yawansa haƙuri ne da lissafi.

A Amurka akwai kyautar Pulitzer, wadda Jami'ar Columbia ke bayarwa tun 1917. Rassanta suna da yawa, amma wanda 'yan jaridar can suka fi girmamawa shi ne na hidimar jama'a. Lambar zinariya ce, kuma gidan jarida ake ba, ba a sa ta da sunan mutum ɗaya. Manyan gidaje sun sha ɗaukarta. Washington Post ta samu a 1973 saboda tonon sililin Watergate, wanda ya kai Shugaba Nixon ga murabus a 1974. Amma ta 2010 nake so ku riƙe. A shekarar wata ƙaramar jarida ce ta ci, Bristol Herald Courier, ta wani gari a cikin duwatsun jihar Virginia inda ake haƙar kwal da iskar gas. Kamfanoni suna zuƙo gas daga ƙarƙashin filayen mutane, kuma inda ake gardamar wa ke da hakkin kuɗin, doka ta ce a riƙa zuba shi a wani asusu na musamman har a warware. Shekaru suka yi ta wucewa, dubban masu filaye ba su ga ko anini ba. Wani matashi mai suna Daniel Gilbert ya shafe sama da shekara a kan abu ɗaya: ya nemo takardun da ke nuna yawan gas ɗin da kowace rijiya ta fitar wata-wata, ya nemo na kuɗin da ya shiga asusun, ya jera su gefe da gefe. Sai ga watannin da rijiya ta ba da gas, asusu kuwa bai ga komai ba. Da aka buga, kamfanoni suka fara zuba kuɗin da suka riƙe, 'yan majalisar jihar suka taɓa dokar. Babu zagi a rubutun, babu habaici. Takarda biyu ce aka haɗa suka ƙaryata juna.

Mu nan ba sai an ba mu labarin abin da rashin labari ke jawowa ba. Ku tambayi iyayenku 2005. Daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacin ƙasar noma, kafin bazara rumbuna sun yi fayau. Mata suka koma jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ana dafa ganyen jiga a ci a kwanta. Abin takaicin shi ne hatsi na nan a kasuwannin Maraɗi, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka, dabbar da zai sayar ya auna kuma ta rame ta faɗi warwas. A Yamai kuwa hukuma ba ta son a ce yunwa ake yi. Kada ku ɗauka tsabar mugunta ce kawai. Duk wanda ya hau kujerar mulki a Nijar yana tuna cewa yunwar farkon shekarun 1970 na cikin abin da ya kayar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Tsoro ne, kuma talaka ne ya biya kuɗinsa.

Tun a watan Afrilun 2005 jaridar mako ta gwamnati, Sahel Dimanche, ta buga halin da ake ciki, sakamakon da babbar editarta ta samu shi ne ɗauke ta daga kujerarta. Duniya ba ta motsa ba sai a watan Yuli, da Hilary Andersson ta BBC ta nuna hotunan yara masu tamowa daga Maraɗi. Nan da nan jiragen agaji suka fara sauka, aka shiga rabon abinci kyauta, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan da kansa ya zo Damagaram a watan Agusta. A cikin watan nan ne Shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa shi dai yana ganin mutanensa a ƙoshe. Likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara sama da 60,000 masu matsananciyar tamowa a shekarar. Da wata tawagar BBC ta dawo a Afrilun 2006 don ta ga yadda aka kwana, sai aka janye mata izinin aiki a kan batun.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne watanni ukun nan da ke tsakanin Afrilu da Yuli. Duk matar da ke daka a ƙasar Mayahi ta san abin da ke faruwa, amma sai da baƙuwa ta taso daga waje kafin maganar ta yi nauyi. Da a ce a kowace ƙaramar hukuma akwai yaro ɗaya da ke rubuta kuɗin tiyar hatsi kowace ranar kasuwa, da yawan yaran da aka kai likita a mako, yana aikawa inda za a buga, da musun ya yi wuya tun da wuri. Mai mulki yana iya cewa ɗan jarida ya zuzuta. Da wuya ya ce kuɗin tiya ya yi masa ƙarya.

Shekara guda bayan haka aka ga abin da jaridar gida ke iyawa. Maman Abou, Allah ya jiƙansa, ya kafa Le Républicain a 1991, lokacin da jaridu masu zaman kansu suka fara fitowa bayan Haské ta Ibrahim Cheick Diop ta buɗe hanya a 1990. A 2006 jaridarsa ta riƙa buga yadda aka yi wadaƙa da kuɗin da ƙasashe masu tallafi suka zuba a ma'aikatar ilimin firamare, abin da aka sani da badaƙalar MEBA. Kuɗin littafi ne da kayan aji. A watan Agusta aka kama shi tare da editansa Oumarou Keïta, a watan Satumba kotu ta yanke musu wata 18 a gidan kaso. Ku lura da kyau: ba a kan labarin kuɗin lakkol aka hukunta su ba, wani rubutu dabam aka ɗauko, wanda ya shafi Firaminista Hama Amadou da ƙasar Iran. Haka abin yake sau da yawa. In an rasa ta inda za a kama ka a kan labarin da ka ɗaure tamau, sai a koma neman wanda ka saki sako-sako. An sake su a watan Nuwamba. Ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar sun shiga kaso, kuma a ƙarshen watan Mayun 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadou, badaƙalar nan ce kuwa aka kafa hujja da ita. Ku da kuka yi karatu a ajin zana, kuna zaune a ƙasa iska na watsa muku rairayi a littafi, kun fi kowa sanin abin da kuɗin ilimi ke nufi. Kuma kun ji gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021, yara sama da 20 suka rasu.

A zamaninku kuma ga Moussa Aksar na jaridar L'Événement da Samira Sabou. Aksar yana cikin ɗaruruwan 'yan jaridar duniya da suka yi aiki tare a kan takardun Panama a 2016, aikin da ya ci Pulitzer a 2017. A 2020, bayan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Chinagodar, binciken da gwamnati da kanta ta sa aka yi ya nuna an yi asarar wajen miliyar 76 na sefa a kwangilolin sayen kayan yaƙi. Aksar ya bi sawun kuɗin ta takardun bankunan waje, ya buga a watan Satumba, aka kai shi kotu, aka ci shi tara a 2021. Samira Sabou ta yi kwana 48 a kaso a 2020 saboda abin da ta rubuta a Facebook kan wannan batu, kafin kotu ta sallame ta. Ƙungiyar Index on Censorship ta Landan ta karrama ta a 2021, kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya karrama ta a New York a 2024, bayan an sake tsare ta a 2023. 'Yan matana, ku dube ta da kyau, wannan aikin ba na maza ba ne su kaɗai. Amma dukanku ku dubi jerin yadda abin ya zo mata: rubutu, kaso, kotu, sannan lambar yabo daga nesa.

To, ta ina yaron Issawane zai fara? Ta abin da ƙafarsa ke iya kai shi. A ce an sanar za a kawo wa ƙaramar hukumarku tan 20 na hatsi mai rahusa. Tan ɗaya buhu 10 ne na kilo 100, ke nan buhu 200, ko 400 in masu kilo 50 ne. Buhun kilo 100 yana ɗaukar tiya wajen 40. Ranar da mota ta iso, ka je bakin mangaza tun kafin a kwance igiya, ka gai da mutane, ka sami gefe ka tsaya, ka ƙirga da idonka, kana yin zane ɗaya a littafi duk buhun da aka sauke. Ka roƙi mai riƙe da makulli ya nuna maka takardar da direba ya zo da ita. Ranar sayarwa ka dubi jerin sunaye: akwai wanda ya rasu bara? Akwai wanda ke cirani a Libiya ko Aljeriya, amma ga dangwalen yatsansa? Ka ɗauki tiyar awon ka juya ta, ka ga ko an buga gindinta ya shige ciki. Ka bi mata uku ko huɗu har gida, ka tambaye su nawa suka biya, nawa aka auna musu. Ranar kasuwa ka zaga, ko za ka ga buhu mai tambarin hukuma a rumfar ɗan kasuwa.

A ce ka ƙirga 170. Nan ne yaro ke rawar ƙafa, ya ɗauko salula ya yi ta aika murya cewa an sace buhu 30. Kada ka yi. Ka wanke fuska, ka sa rigarka mai kyau, ka je wurin magajin gari ko kantoman da ke riƙe da ƙaramar hukumar, ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda ka saba gai da babba, ka ce, "Ranka ya daɗe, takarda ta ce 200, ni 170 na ƙirga, na zo a fahimtar da ni." Wataƙila ya nuna maka cewa an sauke 30 a wani ƙauye a kan hanya, ga sa hannun mai gari. Sai ka hau babur ka je ƙauyen ka gani. In haka ne, Allah ya tsare ka daga ɓata sunan bawan Allah. In kuwa ya yi ta kame-kame, ka rubuta abin da ya ce yadda ya ce shi, ka ajiye kusa da lissafinka, mai karatu ba yaro ba ne. Kuma in buhu 200 sun cika cif, an raba su bisa adalci, wannan ma labari ne, ka faɗe shi. Ranar da ka zo da akasinsa za a tuna ka taɓa faɗin alheri.

Haka za ka yi da likita. Tun 2006 hukuma ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. In ka ji uwa ta ce an karɓi kuɗinta, kada ka tsaya a kanta. Ka tambayi ma'aikacin, ka ji ko kuɗin da gwamnati ke mayar musu ya makale, ko kantar magani ta yi wata da watanni babu kaya. Sau da yawa wanda ka gani a gabanka shi ne ƙaramin mai laifi, ko ma ba shi da laifin sam, babban yana can sama inda takarda ce kawai ke isa. Bincike kamar ginin rijiya ne a ƙasar tudu, sai ka yi gaba da yawa kana fid da busasshiyar ƙasa kafin ka ga danshi, kuma wanda ya gaji a tsakiya rami kawai ya bar wa mutane su faɗa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinku. Kun zauna gaban malam, kun ji yadda malaman hadisi ke tankaɗe ruwaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, sun taɓa haɗuwa kuwa, an san shi da gaskiya? Kun kuma san umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Ku auna muryoyin da ke yawo a WhatsApp da wannan ma'auni, ku ga nawa za su tsira. Duk wanda ya fara da "an ce" ko "wani na kusa da su ya tabbatar mini", ku bar shi ya mutu a salularku.

Sai maganar na goro. Za a kira ku taro a Mayahi ko Maraɗi, a ci a sha, a ƙarshe a miƙo ɗan abu a ce kuɗin mota. Ɗan siyasa zai ce, "Ɗana, ga wannan ka sa kati." Na san aljihunku, na kuma san gidajen jarida da na radiyo da yawa ba sa biyan abin kirki. Ba zan yi muku wa'azin wanda ya ƙoshi ba. Amma ranar da buhu ya ɓace a hannun wanda ya saba sa muku kati, za ku ji alƙalamin ya yi nauyi, ko da shi bai ce muku uffan ba. Shawarata ku riƙe wata sana'a a gefe, gona ce, ɗinki ne, gyaran salula ne, ko koyarwa. Maman Abou yana da gidan ɗab'insa, Nouvelle Imprimerie du Niger, ba ya jiran kowa ya buga masa jarida, kuma wannan na cikin abin da ya tsayar da ƙafarsa.

Wani abu da ɗan jaridar birni ba ya fama da shi kamar ku shi ne zumunta. A Issawane wanda ke riƙe da makullin mangaza ƙila kawunka ne, mushen da ba ya zuwa aji ƙila mijin yayarka ne. In labari ya faɗo cikin gidanku, kada ka binne shi, kada kuma ka rubuta shi da hannunka. Ka miƙa wa abokin aiki na wani gari, ka gaya masa dalili. Rikicin gona ko na sarauta da gidanku ke ciki kuwa, ka nisanta alƙalaminka da shi gaba ɗaya. Ka kuma kiyaye wanda ya taimake ka. Akawun da ya nuna maka takarda yana da iyali. In za ka ɗauki hotonta, ka duba kada yatsansa ko teburinsa ya fito, kada ka ajiye sunansa na gaskiya a salula. Yaro mai tamowa ma ɗan mutane ne, ka nemi yardar uwarsa kafin ka ɗaga salula a kansa, in ta ce a'a ka mayar aljihu.

Ku san dokar ƙasarku yadda take yau. A 2010 an cire hukuncin ɗauri daga laifukan aikin jarida, aka yi murna. A 2019 aka yi dokar laifukan intanet, ita ce aka riƙa kama masu rubutu da ita, kuma a watan Yunin 2024 an maido da ɗaurin da aka taɓa cirewa daga cikinta. An rufe RFI da France 24 tun Agustan 2023, an dakatar da BBC a Disamban 2024. Saboda haka batun soja da tsaro ku bar wa waɗanda suka goge, masu edita da lauya a bayansu. Ku fara da rijiya da aji da likita da taki da hatsi, nan ne ma jama'arku suka fi buƙatarku. Kuma kada ka riƙe babban labari kai kaɗai. An kashe Norbert Zongo na Burkina Faso ranar 13 ga Disamban 1998 yana tsakiyar binciken mutuwar direban ƙanin shugaban ƙasa. Ƙungiyar masu binciken ƙwaƙwaf ta Afirka ta Yamma da aka sa wa sunansa, CENOZO, wadda Aksar ya shugabanta, ta ginu ne a kan aiki tare, don in an toshe bakin ɗaya labarin ya fito ta bakin goma. Mai son koyon aikin sosai ya nemi shiga makarantar koyon aikin jarida a Yamai.

Jaridun Yamai da Faransanci suke fita, mutanen da kuke rubutu dominsu kuwa mafi yawansu ba sa karanta shi. In ka gama bincikenka ka mai da shi Hausa, Hausar da innarka za ta gane tana tankaɗe, ka kai radiyon gari. Studio Kalangou tun 2016 yake shirya labarai da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci yana rarraba wa gidajen radiyo a faɗin ƙasa. Tun 1939 Abubakar Imam ya nuna da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cewa Hausa na ɗaukar jarida, mutum ɗaya ya karanta, zaure guda ya saurara.

Kada kuma ku zaci amfanin jama'a yana cikin tonon asiri kaɗai. Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi, irin su mutanen Ɗan Saga a ƙasar Agye, suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. A hankali fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itace a kudancin Nijar. Abin ya yi shekara wajen ashirin yana gudana a gaban idonmu kafin masu bincike su auna shi da hotunan sama, jaridar New York Times ta buga a 2007. Yunwarmu sai da baƙo ya zo ya faɗa, nasararmu ma haka.

Don haka ranar kasuwa mai zuwa kowannenku ya sayi littafi mai ƙwaƙƙwaran bango. Duk mako ya rubuta kuɗin tiyar hatsi da dawa da wake, da kuɗin akuya da tunkiya. Ya rubuta ranar ruwan shuka, da ranar da famfon gari ya lalace da ranar da aka gyara, da ranar da mushe ya zo da ranar da aji ya wuni babu kowa. Ku sa kwanan wata a saman kowane shafi, ku rubuta da biro, gefen kowane adadi ku sa wanda ya faɗa muku ko ku ce da idonku kuka gani. In littafin ya cika ku ɗaure shi a leda, ku rataye inda gara ba ta kaiwa, ku sayi wani.